Hoton da Auta Ta Ƙi Haɗawa

"Cire gilashin," in ji ta, idonta na cikin kamara.

Saurayin da ke zaune a kan kujerar ƙarfe, farin yadi a bayansa, ya dafe gilashin idonsa kamar an ce ya tuɓe riga.

"Malama, in na cire ai ba zan ga komai ba."

"Ba kai za ka gani ba, kai za a gani. Ba gilashi, ba dariya, ba inuwa a fuska. Ɗago kai kaɗan. Kaɗan na ce, ba kallon silin ba."

Ya cire, fitila ta haska, ya mayar da gilashinsa. Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Gajeriya ce, baƙa, mai manyan idanu, da biro saƙale a bayan kunne ta saman mayafi.

Auta ake ce mata a gida, a titi kuma Mai Hoto. Shagon na yayanta ne, amma tun da ya koma ɗaukar bidiyon taro ya bar mata kamara, fitilu biyu masu lema, kwamfuta, da wata firinta mai cin takarda duk ranar da ranta ya ɓaci. Yawancin shekara hoton makaranta da na katin aiki take ɗauka. Amma idan aka buɗe ƙuri'ar bizar nan ta zaman dindindin a ƙasar waje, wadda mutane ke kira lotiri, layi yakan kai har bakin kwata.

Shi kuwa mai gyaran firij ne daga can ƙarshen gari. Mahaifiyarsa ce ta matsa masa ya zo, don ɗan maƙwabciyarta ya shiga, ita kuma ba ta yarda a riga ta komai ba.

Suka koma gaban kwamfuta ta fara cika masa fom.

"Karatu?"

"Na gama sakandare. Shekara bakwai kuma ina gyaran firij."

"Sakandaren ta isa."

Ya matso, ya rage murya. "To, wa ake gani a ciki?"

"Ba a ganin kowa. Kwamfuta ce ke zaɓe, ita kuwa ba ta san ɗan wane ba. Sau ɗaya ake shiga a shekara. Ka fita nan ka je wani shago ka sake cikawa don ƙarin sa'a, su watsar da duka biyun. Ni kaina shekara huɗu ina shiga, har yau ba ta san da zamana ba. Kana da aure?"

"A'a."

"Faɗi gaskiya. In kana da mata ko 'ya'ya ka ɓoye, ranar ganawa a ofishin jakadancinsu za su gano, su sallame ka."

"Wallahi babu. Ke fa?"

"Wannan tambayar ba ta cikin fom."

Ta buga masa wata doguwar lamba a takarda, ta miƙa masa. Ta ce da ita zai duba sakamako da kansa bayan wata shida, ba wanda zai kira shi, ba wasiƙar da za ta zo, duk wanda ya ce masa ya ci kafin nan ɓarawo ne. Ita ba ta ajiye lambar kowa, don haka ya riƙe abinsa.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya karkata kunne wajen ƙaramin firij ɗin da ke lungu.

"Firij ɗinki kuka yake."

"Haka yake tun bara."

"Gobe zan zo in rarrashe shi."

Ya zo kuwa. Gyaran da ba ya wuce rabin awa sai da ya ci masa zuwa uku, kullum da sabon abin da ya manto a shago. Ni dai ban taɓa ganin ƙwararren ma'aikaci mai mantuwa irin ta Mai Firij a wannan makon ba. A zuwa na ukun ya tafi da lambar wayarta, wai don ya riƙa tambayar lafiyar marar lafiya.

Saƙon farko da yamma ya shigo.

"Malama Ɗago-Kai, ya jikin firij? In ya sake kuka ki gaya mini. In bai yi ba ma ki gaya mini."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Lafiyarsa ƙalau. Likitan ne nake ganin yana buƙatar a duba shi."

Daga nan aka ɓalle. Kafin wata biyu ta zama Haskena, shi ya zama Sanyina. Yakan biyo ta shagon da azahar, ya zauna a kan benci yana kallon yadda take daka wa manyan mutane tsawa su gyara zama. Ita kuma ta san sunan kowane ƙarfe a jakarsa.

"Haskena, yau na gyara firij ɗin asibitin yara, wanda ake ajiye allurai. Da ya tashi, nas ɗin har tafi ta yi. Ke na fara tunawa, na ce da kina nan kin ɗauke ni hoto."

"Da na ɗauka. Ina alfahari da hannun nan naka, Sanyina. Ka ci abinci?"

Abu ɗaya ne ya ƙi yi, shi ne turo magabatansa. Ya rantse ba zai shiga gidan mahaifinta yana yaron wani ba, sai ya buɗe shagon kansa da allo mai sunansa. Mahaifin Auta tsohon shugaban makaranta ne, kowa Hedimasta yake ce masa, mutum ne da har yau in ya yi gyaran murya a titi magidanta kan gyara tsayuwa. Auta ta ce masa Baba ba allo yake dubawa ba. Bai ji ba. Girman kai ne, amma irin wanda mace kan yi fushi da shi tana jin daɗinsa a ɓoye.

Wata shida cif ya buɗe shagon. Aka sa ranar Lahadi kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, zai je wajen Hedimasta. Ranar Alhamis kafin nan sakamakon ƙuri'a ya fito.

Auta ta duba nata, shekara ta biyar babu. Tana cikin duba wa wata tsohuwa sai waya ta yi ƙara.

"Haskena, na sa lambar sau huɗu. Sau huɗu tana cewa an zaɓe ni. Me zan yi?"

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba, har kujera ta faɗi. Murna ta cika ta, sai kuma ma'aikaciyar da ke cikinta ta karɓi wayar.

"Alhamdulillahi! Amma ka saurare ni. Ba biza aka ba ka ba, layi aka ba ka. Sukan zaɓi mutane fiye da bizar da ke akwai. Akwai fom na biyu, akwai gwajin asibiti, akwai ganawa, kuma in shekararsu ta ƙare ba a kai kanka ba, shi ke nan. Kada ka gaya wa kowa tukuna."

Ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa. Kafin la'asar unguwa uku sun sani.

A tsallaken titi, daidai shagon Auta, akwai mai shagon fotokwafi da ake kira Na-Tsallake. Shi ma yana cika wa mutane fom, sai dai shi yakan riƙe lambobinsu, duk wanda ya ci sai ya zo sun daidaita kafin ya ga takardarsa. Ya taɓa neman Auta, ta ce masa ya yi haƙuri. Bai yi ba. Da ya ji an ga kawun Mai Firij a ƙofar Hedimasta kwana uku bayan sakamako, sai ya samu abin da yake jira.

"Ku duba mana," yake cewa duk wanda ya shigo kwafin takarda. "Alhamis ya ci, Lahadi an je neman aure. Mu da ake zagi ai mun fi sauƙi. Ita ta riƙe lambar yaro ne, ta ce sai ya tafi da ita."

Mutane suka yarda, don sun san ana yi. Maganar ta riga Kawu fita daga gidan, ta dawo ta samu Hedimasta a masallaci.

Ranar Talata Hedimasta ya kira Auta falo. Mama na gefe tana ninke kaya, kanta a ƙasa.

"Na mayar musu da amsa," in ji shi. "Ban bayar ba."

"Baba, wallahi tun ranar da na cika masa na ba shi lambarsa. Shi ya duba da kansa. Wata shida muna..." Kunya ta kama ta, ta sunkuyar da kai.

"Na sani. Ni na haife ki, ba sai kin rantse mini ba. Amma shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane gaskiya. Ba zan zauna a ce 'yar Hedimasta ta sayar da lamba ta sayi miji ba. Ya je ya yi tafiyarsa. Allah ya ba shi sa'a."

Ta fita da hawaye. Mama ta biyo ta ɗaki, ta zauna a bakin gado.

"Ki bar shi ya huce. Bakin mutane na damunsa, gaskiya ne. Amma ke ce Autarsa. Tun da ya ji an ce jirgi, bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba."

Sati biyu Auta tana zuwa shago kamar wadda aka aiko. Ba ta kula masu leƙe, ba ta kula Na-Tsallake da ke fitowa ya tsaya yana sakace. Kanta a sama take shiga, a sama take fita, kukanta kuwa sai ta ja labule.

Wata safiya sai ga Kawu, da wata doguwar budurwa a bayansa ta ci kwalliya kamar mai zuwa biki. 'Yarsa ce, ɗalibar koyon aikin jinya.

"'Yata, sannu da aiki," in ji shi, ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Abin da ya faru ya faru, haka Allah ya so. To amma an ce wanda ya ci yana iya ƙara matarsa in ya yi aure kafin ganawa. Haka ne?"

"Haka ne, Kawu. In auren gaske ne."

"Yauwa. Tunda mahaifinki ya ƙi, kujerar nan bai kamata ta tafi a banza ba. Ga ƙanwarsa. A takarda kawai, in sun isa can kowa ya kama gabansa. An ce ana son hotuna na da, su nuna sun daɗe tare. Hotonsa yana cikin kwamfutarki. Ki ɗauke ta, ki haɗa su, ki sa musu bishiyoyi a baya. An ce duk titin nan ba wanda ya kai ki iya haɗawa."

Budurwar ta ɗaga kafaɗa. "Ni dai tafiyar nake so, Anti, ba shi ba. Kada ki ɗauke ni da wata manufa."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta dafa tebur.

"Shi ya turo ku?"

"Ai magana ta ƙare a gida. Uwarsa ta amince, shi ma ba zai ƙi ba."

"Kawu, ka yi haƙuri. Ba na haɗa hoton ƙarya. Mutanen nan aikinsu ke nan, raba su za su yi ɗaki daban-daban su yi musu tambayoyi. In suka gano, shi ya rasa, ita ta rasa, kuma a rufe musu ƙofa har abada. Ko da ba za su gano ba ma, ba da hannuna ba."

"Ke yarinya, ni kike gaya wa haka? Abin da zan ba ki ya fi aikinki na wata uku."

"Ka riƙe abinka, Kawu. Ga ƙofa nan, a gaida gida."

Suna fita ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Na ga amaryarka. Allah ya sanya alheri. Ka nemi wani mai hoton."

Ta kashe wayar.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Mai Firij a kan babur, hannunsa duk baƙin mai, ko jakar aiki bai tsaya ɗauka ba. Ya tarar tana ɗaukar wasu 'yan makaranta, ya jira a tsaye har suka fita.

"Wace amarya?"

"Tambayi kawunka."

Da ta gama faɗa masa, ya zauna a kan kujerar ƙarfen nan ya riƙe kai.

"Jiya ya kawo maganar, na tashi na bar masa ɗakin. Ashe shirun nawa ya ɗauka amincewa. Haskena, dube ni. Kin taɓa ganin na sa wa mutum tsohon inji na ce masa sabo ne? To a aure zan fara?"

Ta dube shi, ta san gaskiya ya faɗa. Sanyi ya ratsa ta, amma ba ta bari ya gani ba.

"Ka cika fom na biyun?"

"A'a."

"Sati uku? Kana hauka ne? Layi tafiya yake, ba ya jiran kowa. Ka cika yau, ka rubuta ba ka da aure, gaskiyar ke nan."

"In na shiga ganawa ni kaɗai aka ba ni, ke kika ce sai an yi shekaru kafin mutum ya iya ɗauko matar da ya aura daga baya."

"Ni na ce."

"To ba zan cika ba. Ko mu biyu, ko su riƙe abinsu."

"Sai a ce ni na hana ɗan mutane arziki? Mahaifiyarka ta dube ni da wane ido? Bakin da ya ce na sayi miji, shi zai ce na kashe masa gaba. Ba zan ɗauki wannan ba."

"Ni kuma ba zan ɗauki jaka in bar ki ba."

Suka tsaya suna hararar juna, kowa ya cika ya yi fam, kowa yana son ɗan'uwansa kamar ransa. A ƙarshe ita ta ci rabin faɗan. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta suka cika fom ɗin da gaskiyar ranar, ta ce in Allah ya sa aka ɗaura kafin a kira shi, ana iya sanar da su a ƙara ta. Shi kuma ya ci ɗaya rabin, don ya ce in ranar ganawa ta zo ba ta zama matarsa ba, ƙafarsa ba za ta taka wurin ba.

Da yamma ya turo mata.

"Ban taɓa ganin mai faɗa da kyau irinki ba. Ki daina kashe waya, zuciyata ba ta da garanti."

Abin da ya gyara lamarin, Kawu ne da kansa, ba kuma da niyya ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai da yarinya ƙarama ta nuna masa ƙofa, don haka ya saɓa babbar riga ya tafi kai ƙara wajen ubanta. Ya samu Hedimasta a baranda yana karanta jarida, ya zayyana masa komai tiryan-tiryan, har da bishiyoyin da ya ce a sa a baya, har da abin da ya yi niyyar bayarwa.

Hedimasta ya ninke jarida a hankali.

"Ka ce ta ƙi?"

"Ƙememe! Har da ce mini ga ƙofa."

"Bayan ni na hana ta yaron. Bayan ta ɗauka shi ya turo ku."

"Shi ne abin da ya ba ni mamaki. Ko don haushi ai ta yi, ta karɓi rabonta. Malam, a ja mata kunne."

"Za a ja," in ji Hedimasta. Ya raka shi har bakin titi da fara'ar da Kawu bai gane dalilinta ba.

Washegari Auta na buɗe shago sai ga mahaifinta da sandarsa. Bai taɓa zuwa ba. Ya ce kada ta kula shi, hutawa zai yi. Ya zauna a benci tun safe har azahar. Ya ga mai sayar da taya ya shigo yana roƙon a sake duba masa, ta duba, ta ce babu, ta ba shi haƙuri kamar ɗan'uwanta. Ya ga wata mata ta zo da saƙon da aka turo mata a waya wai ta ci, ta tura kuɗi, Auta ta zaunar da ita ta nuna mata yadda ake gane na ɓarayi. Ya ga wani da Na-Tsallake ya riƙe wa lamba ya tsallako yana kuka, ta nuna masa yadda zai nemo ta da kansa, ba ta karɓi komai ba. Da zai tafi ya tsaya ya daɗe yana kallon allon shagon.

Ranar Asabar ya aika a kira Mai Firij. Ya zo da wankakkiyar riga, ya durƙusa a gefen tabarma.

"An ce ka samu biza."

"Ban samu ba, Baba. Layi aka ba ni. Suna iya ba ni, suna iya hana ni."

"In sun hana ka fa?"

"In koma wa firij ɗina. Ina da shago, ina da hannu. Ba za ta nemi abu ta rasa ba, in Allah ya yarda."

"In sun ba ka, ni kuma na hana ka?"

"In koma wa firij ɗina, Baba. In sake turowa baɗi."

Hedimasta ya yi gyaran murya, ya kau da kai don kada a ga bakinsa.

"Me ya hana ka turowa tun kafin sakamako, ka hutar da mu?"

"Na so in zo da allon kaina ne."

"Allo! Ka ga inda allo ya kai mu. Tashi ka je ka turo, amma ba wannan kawun ba. Kuma da sharaɗi. Ba za a ɗaura a ɓoye ba. Duk titin nan za a gayyata, har mai fotokwafi."

Auta na bayan ƙofa ita da Mama, sun toshe baki. Kafin ya kai babur saƙonta ya riga shi.

"Sanyina, na ji komai. Baɗi wai! Da ka jira?"

"Har baɗin baɗaɗa. Amma na gode wa Allah da ba sai na jira ba."

Mahaifiyarsa da kanta ta zo ta kama hannun Auta, ta ce ita ruɗin ƙanenta ne ya ɗebe ta, a yafe mata. 'Yar Kawu ta turo saƙon taya murna, ta ce in an buɗe ƙuri'ar bana za ta zo a cika mata nata, ita kaɗai.

Ranar ɗaurin aure harabar gidan ta cika har titi. Masu shaguna sun rufe sun zo, tsofaffin ɗaliban Hedimasta sun zo, mata na ciki suna leƙe ta taga. Na-Tsallake ma ya zo, ya maƙale a baya kusa da ƙofa. Kafin liman ya fara, Hedimasta ya miƙe ya dogara sandarsa, ya yi gyaran muryar nan. Wuri ya yi tsit kamar aji.

"Jama'a, an yi magana a kan 'yata, kun ji, na ji. Ni ba na son magana a bayan ido. Duk wanda yarinyar nan ta taɓa cika wa fom, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi. Direbobi, teloli, malaman makaranta, har liman ya ɗaga nasa yana murmushi. Ta taga ma hannuwan mata suka fito.

"Madalla. To duk wanda ta riƙe wa lamba, ko ta nemi wani abu a wajensa bayan ladan aikinta, ya bar hannunsa a sama. Yau a gabanku zan biya shi, in fasa auren."

Hannuwan suka sauka gaba ɗaya. Hedimasta ya bi wurin da kallo layi-layi, bai yi sauri ba. Da idonsa ya kai bakin ƙofa, wurin da Na-Tsallake yake tsaye babu kowa.

"To ku shaida," in ji shi. "Wannan 'yata ce. Ni na rene ta. Na ba wa yaron nan ita, ba don an zaɓe shi a ƙuri'a ba, don ya ce in an hana shi zai koma wa aikinsa. Malam, bismilla."

Aka ɗaura, aka shafa fatiha. A ciki Auta ta kifa kai a cinyar Mama tana kuka, wannan karon ba ta ja labule ba. Yayanta ya yi ta ɗaukar hotuna, na gaske, waɗanda za su tafi tare da takardar aure a ƙara sunanta. An riga an sa wa ango ranar ganawa, saura sati bakwai, kuma ba wanda ya san abin da za a ce musu.

Da la'asar, kafin a tafi da ita, Hedimasta ya sa aka kawo su falo su biyu. Suka durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kallon Auta.

"Na ji tsoron bakin mutane fiye da yadda na amince da tarbiyyar da na ba ki. Ki yafe wa tsohonki."

"Baba, don Allah ka daina."

"Bari in gama. Ku je ku gaya musu gaskiya, komai suka tambaya. In sun ba ku, ku tafi da albarkata, ku yi aikinku a can yadda kuka yi a nan, kada ku sunkuyar da kai gaban kowa. In sun hana ku..." Ya tsaya, ya share ido da gefen hannun riga. "In sun hana ku, gidan da kuka kama titi biyu ne daga nan. Ni na ci ƙuri'ar."

Mai Firij ya yi dariya hawaye na zubo masa. Hedimasta ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan surukinsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare ku duk inda ƙafarku ta sauka."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Mota ta yi hon a waje. Ya ɗago Auta da kansa, ya riƙe hannunta har bakin ƙofa, ya damƙa ta a hannun mijinta.